Ciyawar Bayan Gidan Madam Dorin

Garin da na sauka a arewacin Ingila ƙarami ne, kuma ruwa ake yi ranar da na iso. Karatun digiri na biyu ya kai ni, a fannin ilimin ƙasar noma. Sunana Lawali. Mahaifina manomin shinkafa ne a fadamar Gummi, Innata kuma 'yar Abare ce ta ƙasar Anka. Kafin wannan tafiya ban taɓa wuce Zariya ba.

Masaukina na farko wani ɗan ƙasarmu ne ya samo mini tun ina gida. Ya ce ɗaki ne nawa ni kaɗai, kusa da jami'a. Da na je sai na tarar mu uku ne a kan katifa biyu, sauran biyun masu aikin dare ne, suna shigowa ina fita. Jami'ar kuwa sai an hau mota an sake wata. Na tsaya da akwatina a bakin ƙofa ina kallon wanda ya samo mini ɗakin, shi ma yana kallona, yana jira ya ji abin da zan ce. Na ce masa na gode. Haka nake tun ina yaro, ba na iya gardama da mutum.

A ɗakin nan na yi farkon hunturu. Da rigar sanyi nake kwana. Yini kuwa a ɗakin karatu na jami'a nake yinsa, don akwai ɗumi, kuma babu mai tambayata komai. Wata safiya mutumin ya kira ni ya ce mai gida ya gano mun yi yawa, kuma tunda ni ne na ƙarshen zuwa, ni zan fita. Nan ma ban yi gardama ba.

Zango na biyu masallaci ne. Na yi azahar da akwatina a gefe, na yi la'asar yana nan. Wani dattijo ɗan Pakistan mai tuƙin tasi, Malam Yunus, ya dafa ni ya ce, “Ɗana, tafiya za ka yi ko tafiya ka dawo?” Na ce babu ko ɗaya. Bai ƙara tambaya ba, ya ɗauki akwatin ya sa a motarsa. Na kwana a falonsa 'yan kwanaki, matarsa tana cika ni da shinkafa mai yaji har hawaye na zubo mini, ni kuma ina barin su su ɗauka yajin ne.

Shi ya haɗa ni da Madam Dorin, wata tsohuwar Baturiya da yake kaiwa asibiti saboda ciwon ƙugu. Mijinta Frank ya rasu, 'yarta Helen tana aure a wani gari, ita kaɗai ce a gidan. Ta yarda ta ba ni ƙaramin ɗakin sama a kan kuɗi kaɗan, ni kuma in riƙa ɗauko mata cefane, in fitar da shara, in kula da lambun bayan gida idan sanyi ya wuce. Helen ba ta so ba. Na ji muryarta a waya tana cewa ba a san ni ba, ba a san inda na fito ba. Madam Dorin ta ce, “Ai Yunus ya san shi,” ta ajiye wayar.

Matar nan ta yi mini abin da ba zan manta ba. Ta sayo mini tukunya da kasko nawa daban, ba tare da na roƙa ba. Ta gane lokutan sallata, ba ta kirana a cikinsu. Ta yi ta fama in riƙa kiran sunanta kai tsaye, na kasa, bakina ba ya iya kiran sunan sa'ar kakata, sai muka tsaya a kan Madam. Ni kuma abin da ke cina shi ne ban yi mata wani abin a zo a gani ba. Cefane da shara ba su kai ɗaki mai ɗumi ba. Ina ta jiran ranar da zan nuna mata cewa ba ta yi kuskure ba.

Da sanyi ya fara raguwa aka sa mata ranar aikin ƙugu. Ana gobe za ta tafi, ta tsaya a tagar kicin tana kallon bayan gida. Fili ne ɗan madaidaici, bai kai tsakar gidanmu ta Gummi ba. Ciyawa ta yi tsawo ta kwanta, wani wuri ta bushe ta yi ja, wani wuri gansakuka ta cinye, ga ganyen bara ya ruɓe a kai.

Ta ce, “Dubi yadda ya koma. Kunyar maƙwabta nake ji. Frank ba zai taɓa bari ya kai haka ba. Lawali, bazara ta shigo, ka gyara mini shi kafin in dawo.”

Kalmar Turancin da ta yi amfani da ita tana ɗaukar gyarawa, tana ɗaukar sharewa. Ni sharewa na ji. Ba wai ban san Turawa na ajiye ciyawa da gangan ba. Ina ganinta a harabar jami'a, a shimfiɗe kamar darduma. Amma ban taɓa haɗa waccan da wannan ba. Wannan a idona haki ne kawai, irin wanda ke cinye kangon gida. A wurinmu bazara lokacin sharar gona ne, a tumɓuke komai a bar ƙasa fili tana jiran ruwa. Ciyawa a jikin ɗaki kuwa shaida ce cewa gidan babu mai hannu. Akwai kuma abin da na gani da idona ina yaro a Abare, lokacin gubar dalma: mutane sun zo daga nesa sun kankare ƙasar tsakar gidaje sun zuba a buhuna, suka kawo sabuwa. Tun daga lokacin, idan aka ce a taimaki gida, hoton da ke zuwa mini ke nan.

Ranar da aka kwantar da Madam Dorin a asibiti na kira Inna ta bidiyo, na juya wayar na nuna mata filin.

Ta ce, “Mi ag ga haka? Wanga hakin duka bayan ɗakin tsohuwa?”

Na ce, “Mijinta ne ke yi, ya rasu.”

“Kai kuma kana cikin gidan kana cin tuwo? Maciji kaka jira shi shigo mata? Lawali, kar ka ba mu kumya ga mutane.”

Na buɗe rumfar kayan aikin Frank. Komai a rataye a wurinsa. Ga injin yankan ciyawa an lulluɓe shi da tsumma, ga manjagara, ga wani ƙarfe mai yatsu huɗu kamar ƙaton cokali. Na wuce su duka na ɗauki shebur. Ni ba na yin aiki rabi. Na ja igiya na raba filin layi-layi, ina yanka ciyawar da saiwarta da ƙasar da ke jikinta, ina naɗewa ina durawa a buhu. Kullum na dawo daga aji sai in shiga, har tafin hannuna ya yi bororo ya fashe.

Maƙwabcinmu, wani tsoho mai ƙaton gashin baki, ya leƙo ta kan shinge ya daɗe yana kallona. Can ya ce, “Duwatsu Dorin za ta shimfiɗa ne?” Ban gane abin da yake nufi ba. Na ji nauyin in ce ya maimaita, sai na yi murmushi na ce eh. Ya ɗaga gira ya ce, “To, ban zaci haka ba,” ya koma ciki. Da na tambaye shi a lokacin, da rabin filin ya tsira.

Na fitar da buhunan bakin titi ranar da motar shara ke zuwa. Masu motar suka gwada ɗagawa suka bari, suka ce ba sa ɗaukar ƙasa. Raina ya ɓaci, na jawo su ɗaya bayan ɗaya na jera a lungun gefen gida kafin in san inda zan kai su. Sannan na daidaita filin, na daddaɓe shi, na yayyafa ruwa, na share da tsintsiya har sawunta ya fito a jere kamar yadda Inna ke yi. Na ɗauki hoto na tura gida. Inna ta aiko da murya: “Yawwa. Yanzu gida ya zan gida. Allah shi yi maka albarka.”

Helen ce ta dawo da mahaifiyarta. Na sa rigata mai kyau na buɗe musu ƙofa. Madam Dorin tana dogara ƙarfen tafiya, a hankali, har kicin. Na tsaya a baya ina jira ta gani da kanta.

Ta kai tagar ta tsaya. Ba ta juyo ba. Na ga hannunta ya ƙara riƙe ƙarfen.

Helen ta leƙa ta kan kafaɗarta, sai ta dafe baki. Ta juyo gare ni fuskarta ta yi ja. “Me ka yi? Ina ciyawar? Ina ka kai ta?”

Na ce, “Na share ne. Madam ta ce…”

“Babana yana wurin! Ka ji? Babana yana cikin ciyawar nan!”

Na ɗauka Turancina ne ya gaza. Sai da ta maimaita tana kuka na fahimta. Da Frank ya rasu ƙone gawarsa aka yi, kamar yadda wasunsu ke yi, kuma shi ya bar wasiyya a barbaɗa tokarsa a kan ciyawar da ya shuka da hannunsa, ya yi shekaru yana reno. Na san suna haka, na karanta. Ban taɓa kawowa a raina cewa mutum zai kasance a bayan kicin ba.

Ni da aka koya mini ko takalmi ba a shiga da shi tsakanin kaburbura, na tone mijin mata da shebur, na dura shi a buhu, na kai shi bakin titi in ba motar shara. Da ƙyar na iya nuna musu lungun. Helen ta je ta ga buhunan a jere, ta dawo ta ce zuwa ƙarshen watan gobe in nemi wani wuri. Na ce to. Madam Dorin kuwa ta wuce ɗakinta ta rufe.

Kwanakin da suka biyo baya na zama kamar ɓarawo a gidan. Ina sauraron motsinta kafin in sauko. Na daina dafa abinci, ina cin burodi a ɗaki. Cefanenta ina ajiyewa a kan tebur in gudu. Jarrabawa ta matso, ɗakunan haya a garin sun yi tsada, kuma wanda duk na samu irin na farko ne. Amma ba rashin ɗakin ke hana ni barci ba kamar bayanta da na gani a tagar nan.

Ranar Juma'a na gaya wa Malam Yunus a cikin motarsa. Ya fara dariya har ya kifa kansa a kan sitiyari. “Ka zuba Frank a buhu? Mutumin da ko sawun mage bai yarda ya gani a wurin ba?”

Na ce, “Baba, don Allah.”

Ya dubi fuskata ya daina. Ya ce, “Ka ba ta haƙuri?”

“Na kasa haɗa ido da ita.”

“To kar ka dame ta da haƙuri, ba shi take bukata ba. Buhunan suna nan? Mayar mata da mijinta inda ka same shi.”

A ranar na je ɗakin karatu na nemo littattafan renon ciyawar gida, ni mai karatun ƙasa da ban taɓa buɗe ko ɗaya ba. A nan na ga abin da Madam Dorin ta roƙe ni. A tsefe mataccen ganye da gansakuka da manjagara. A sossoke ƙasa da ƙarfen nan mai yatsu don iska da ruwa su shiga. A watsa iri inda ya yi sanƙo. A yanke ciyawar sama-sama. Aikin yini ɗaya ne. Na rufe littafin na daɗe ina kallon tebur.

Na ƙwanƙwasa ƙofar maƙwabcin na gaya masa gaskiya, cewa ban gane tambayarsa ba ranar nan. Ya yi tsaki ya ce shi ma ya kamata ya ƙara tambaya. Ya ba ni aron rariyar ƙasa mai faɗi, ya raka ni kanti ya nuna mini irin da ke jure inuwa, don filin ba ya samun rana sosai.

Ciyawar da ke buhu ta riga ta mutu, ta yi rawaya tana wari. Ƙasar jikinta nake so. Na shimfiɗa katako a kan filin ina aiki a kansa, don ban yarda in sake taka wurin ba. Na fara sassauta ƙasar da na daddaɓe. Sannan ina buɗe buhu, in karkaɗe kowane dunƙule a kan rariya, in murje da hannu. Duk farar tsakuwar da na gani sai gabana ya faɗi. Ban san wanne ne dutse wanne ne Frank ba, don haka ban jefar da komai ba. Abin da ya ƙi wucewa ta rariya na tona gefen shinge na binne. Na baje ƙasar, na daidaita, na watsa iri sau biyu, tsaye da kwance, na ja manjagara a hankali ya ɗan rufu, na yi ban-ruwa da yayyafi don kar irin ya gudu. Ina jin idon Madam Dorin a taga. Ban ɗaga kai ba ko sau ɗaya.

Washegari tantabaru suka sauka a kan irin kamar an gayyace su. Na yi abin da muke yi wa shinkafa idan ta fara nuna: na ja igiya daga shinge zuwa shinge, na rataya gwangwanaye da tsakuwa a ciki, na jawo bakin igiyar har tagar ɗakina. Ina karatu ina fizga.

A rana ta biyu tagar kicin ta buɗe.

“Lawali! Wane irin ƙara ne wannan?”

Maganar farko ke nan da ta yi mini tun da ta dawo. Na sauko da gudu na ce tsuntsaye nake kora, haka muke yi a gida.

Ta dubi gwangwanayen, ta dube ni. “Akwai raga a rumfa, bayan injin. Frank da ita yake rufewa. Cire waɗannan kafin maƙwabta su kira mana 'yan sanda.” Ta rufe tagar.

Daga nan sai jira. Safe da yamma ina taɓa ƙasar da yatsa, in ta fara bushewa in yayyafa. Mako ya wuce babu komai, na ce shi ke nan, na kashe wurin har abada. Wata safiya na durƙusa a kan katako na duba ta gefe, sai na ga kore siriri kamar gashin jariri. Ya yi ta cika a hankali, wani wuri kauri wani wuri sanƙo, ina bin sanƙon da ƙarin iri. Ban ɗauka wannan zai canza komai ba. Na haɗa littattafaina a kwali. Malam Yunus ya ce falonsa na nan kafin in samu wuri.

Asabar ɗin ƙarshen watan Helen ta zo karɓar makulli. Na sauko da akwatina na ajiye a bakin ƙofa. Madam Dorin ta ce a fito mata da kujera waje. Ta zauna a bakin filin da bargo a ƙafa, ta sunkuya ta shafa ciyawar, ta gwada tsawonta da yatsa.

Ta ce, “Ta isa yanka. Ɗauko injin. Ka ɗaga wuƙar sama, kanta kawai za ka taɓa.”

Na ɗauko, na ɗaga wuƙar, na tura shi bakin ciyawar. Nan na tsaya. Ba a tura inji daga kan katako. Na cire takalmina, duk da haka na kasa ɗaga ƙafa.

Helen ta ce, “Me kuma ya faru?”

Na ce da Madam Dorin, kaina a ƙasa, “A wurinmu ba a taka inda mutum yake kwance.”

Sai na ji wani sauti, na ɗaga kai, ashe dariya take yi, tana share ido da gefen bargo.

“Ka tone shi, ka tankaɗe shi da rariya, yanzu kuma takawa ce ba za ka iya ba?”

Na rasa inda zan sa fuskata. Ko Helen sai da ta juya baya, kafaɗunta na motsi.

Madam Dorin ta ce, “Saurara. Na ce masa mu sa shi a maƙabartar coci, ya ƙi. Ya ce can sau ɗaya a shekara za a leƙa shi, nan kuwa dole wani ya zo kowane mako, ko yana so ko ba ya so. Ya san za a taka shi. Don haka ya zaɓi wurin.” Ta juya wajen 'yarta. “Kowace Asabar ake yankawa, har sanyi ya dawo. Ke za ki riƙa tuƙo mota kina zuwa?”

Helen ta ce, “Mama…”

“Ko in ɗauko wani sabo, in fara gaya masa inda babanki yake? Wannan dai ya riga ya sani.”

Helen ta daɗe tana kallon ciyawar. Sannan ta ce da ni, ba tare da ta juyo ba, “Akwatinka ya tare hanya. Ka mayar da shi sama in ka gama.”

Na yi bisimilla na sa ƙafa. Ciyawar tana da sanyi da laushi, ta kwanta a ƙarƙashina. Ban kai ga kunna injin ba Madam Dorin ta buga ƙarfenta a ƙasa.

“Sa takalminka tukuna! So kake ka bar mini yatsunka a wurin su ma?”

Na koma na sa. Na tura injin layi na farko a hankali, har shinge, na juyo. Tana nuna mini da hannu inda na karkace.